Motar da Ba Ta Cin Wuta Sai da Rawa

"Ni da gidan mai har abada," in ji maƙwabcina Wendell Halvorsen, ranar da ya shigo unguwa da sabuwar motarsa mai aiki da lantarki. "Ku dai ku ci gaba da tsayuwa cikin sanyi kuna riƙe da bututun fetur kamar masu tatsar saniya. Ni ina minshari, motata tana cin abincinta a gida."

Kai da ba ka san Wendell ba, mutum ne wanda ko batirin agogo ya canja sai ya tara jama'a ya yi musu lacca. A garinmu Duluth kaf babu abin da bai iya ba, a bakinsa. Injiniya muke kiransa, yana kuwa amsawa da zuciya ɗaya.

A makon nan za a yi bikin 'yarsa Kirsten, ita kuwa abu ɗaya ta roƙa.

"Baba, don Allah ka kai ni coci a kan lokaci. In ba za ta yiwu ba, Kawu Orrin ya ce ga a-kori-kurarsa."

"Wannan tukunyar hayaƙin? Da ita yake zuwa kamun kifi fa. 'Yata ba za ta je wurin aurenta tana warin tarwaɗa ba."

Matarsa Marlys ta ce a kira mai gyaran wuta ya haɗa wurin caji a gareji. Wendell ya dube ta kamar ta zagi kakansa.

"A gidana? Waya ce fa kawai, Marlys, ba tiyatar zuciya ba."

Ya hau tsani, ya jawo waya daga wurin da ya fi kusa, wato fitilar gareji, irin wadda take kamawa da kanta in ta ga motsi, ta mutu in wuri ya yi tsit. Ya jona mota, koren haske ya kama a jikinta alamar tana caji, ya kira ni in zo in ga ikon ilimi.

Tun daga nan kullum yana zagaya gari yana ba mutane lifti ko ba su nema ba. Da yamma ya jona, ya ga koren haske, ya shige gida. Da safe ya shigo gareji, koren haske na nan, amma batir sai ramewa yake. Ya buga wa kamfanin motar waya yana huci.

"Kada ku raina mini hankali, ga koren hasken nan ina kallonsa yanzu haka."

Daga nan zargi ya dawo kaina. Wai ni nake satar masa wuta ta ƙarƙashin shinge. Ya sayo kwaɗo ya garƙame gareji, har ƙofar da kyanwarsu take shiga ya toshe da katako. Ashe ɗan cajin da motar take samu, albarkacin kyanwar nan ne da take farautar ɓera. Da aka kore ta, abin ya tsaya cak.

Ranar biki da safe na same su a gareji, shi da Marlys, sun ƙura wa allon motar ido. Abin da ya rage a batir ko kan kwana ba zai kai su ba. Kowa ya yi tsaye kamar an dasa shi. Can sai fitila ta mutu, koren haske ya bi ta. Marlys ta ɗaga hannu za ta dafe kai, duka biyun suka kama. Ta sake tsayawa, suka mutu. Ta sake motsawa, suka kama.

"Wendell," ta ce a hankali, irin hankalin da ya fi tsawa ban tsoro, "motar nan ba ta cin wuta sai kana tsaye kana kallonta."

"Da gangan na yi. Tsimin wuta ke nan, ba za ki gane ba."

"To, Injiniya, sai ka motsa."

Fitilar kuwa tsohuwa ce, ɗaga hannu ɗaya ba ya isarta kullum, sai ka ba ta jiki duka. Haka Wendell ya kama rawa cikin kwat ɗin biki, tumbi na gaba yana binsa. Ya ɗan tsaya shan iska, duhu. Ya roƙe ni in karɓe shi, na ce ai ni ɓarawon wuta ne. Maƙwabta suka fito da kujeru da kofi. Orrin, ɗan'uwan Marlys, ya iso, ya juyo da a-kori-kura ya kunna masa kiɗa.

"Karya kwankwaso, suruki, amarya na jira!"

Da lokaci ya ƙure, Wendell ya cire waya, gumi har cikin takalmi, ya ce abin da ya samu ya isa har a je yawon amarci. Kirsten ta tattare rigar amarci ta shiga. Motar ta tafi sumul har gindin tudun da cocin yake bisansa, ta hau rabi, ta ce nan ta tsaya. Wallahi na ga Wendell ya fito ya ɗan girgiza kafaɗa a gabanta, ko za a dace.

Amarya dai a motar Orrin ta ƙarasa, tsakanin ƙugiyoyi da bokitin tsutsa, ta tarar da ango ya fara tunanin an fasa. Ni kam ta ba ni tausayi ƙwarai, don har ta shiga coci tana share ido.

Da yamma a wurin liyafa aka kira rawar uba da amarya. Wendell ya yunƙura, gwiwoyi suka ce ba da su ba, ya koma kujera daɓas. Kirsten ta karɓi abin magana, ta yi murmushi.

"Jama'a, ku yi wa Babana uzuri. Ya riga ya yi rawarsa tun safe, da 'yar da ya fi so. Kawu Orrin, taso."