Rasuwar Akwatin Rediyon Malam Shitu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Shitu manomin gyaɗa na Rogo Ruma yake sanar da rasuwar akwatin rediyonsa, wanda ya cika ranar Talata bayan gajeruwar jinya, a hannun mai shi.

Marigayin ya shigo gidan da kakar 1983 daga kasuwar Rogo, aka ɗinka masa riga mai geza. Mai rufin asiri ne. Maɓalli uku kawai ya ba duniya: na kunnawa, na tasha, na ƙara. Abin da ke cikinsa kuwa bai taɓa nuna wa kowa ba. Albarkacinsa ne dattawan unguwa suke cika tabarmar ƙofar gidan, har ake tambayar ra'ayin Malam Shitu kan yaƙin ƙasashen da bai san gabas suke ko yamma ba.

Ciwon ajalin ya fara da dashewar murya. Lukumanu, ƙanen mai gidan da ke karatun kwamfuta a Zariya, ya ja wa Malam Shitu kunne kada ya kwance shi. Ya ce su ma a karatunsu haka ake gina kowane abu: a rufe cikinsa, a bar wa mutane 'yan ƙofofin da za su taɓa, don kada mai karambani ya ɓata shi. Malam Shitu ya gyaɗa kai. Motar Lukumanu na tashi, ya ɗauko wuƙa ya kwance bayan akwatin. Ya tuna keke ma in ya yi kuka mai ake ba shi, sai ya ɗiga wa majinyacin man gyaɗa, na gidansa, mai kyau.

Kalaman marigayin na ƙarshe su ne: “Shhh... ƙyat.”

Ya rasu ya bar batir huɗu da ke shanye a rana, da rigarsa, da wata ƙusa da aka rasa mazauninta, da mai gida wanda kunya ta hana shi fita. Dattawan kuwa tun Laraba suka koma ƙofar Jibo mai shayi, wanda bai taɓa kwance bayan nasa akwatin ba.

Za a rufe marigayin gobe bayan la'asar a bayan rumbu, ba wanka, tunda ya sha mai. Masu zuwa gaisuwa, in an samu, don Allah su taho da labaran duniya. Tabarma tana nan a shimfiɗe.