Mijin Kande na Takarda

"Ina gajiya kuma, amaryata?" in ji Tanimu tela, yana cire takalmi a bakin ɗakin kakarsa Kande.

"Gajiya tana gidanku. Shigo, ka daina tsaya mini a ka kamar tsohon rumbu."

Shekarar da soji suka karɓi mulki ce, bayan farin da ya cinye dabbobin ƙasar Gure. Hukuma ta aiko ma'aikata daga Damagaram su gwada sunayen waɗanda aka ce an ba hatsin taimako da sunayen masu biyan lanho, wato haraji. Inda suka saɓa, sai a kira mai sunan. Jiya aka aiko wa Kande sammaci. Tun da gari ya waye take kai da komo, ta ƙulla ƙunshi, ta kwance, ta sake ƙullawa.

"Ashe cin amanata kike yi," in ji Tanimu. "A buro, ofishin hukuma, takardar hatsi ta ce kina da miji, wai Abarshi, da ƴaƴa tara a Alakos. Ni kuwa ina nan ina ɗinka miki rigar salla."

"Ka ji sakarai. Rabona da Alakos tun ba a yaye ubanka ba."

"To wa ya cinye buhunan?"

"Da na ci buhu za ka gan ni haka kamar karan dawa?"

"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Me ya hana ki zama?"

"Ƙafata ce ko taka? Kuma Abarshin nan ya fi ka. Shi ko a takarda yana riƙe da gida. Kai goro ɗaya sai ka ɓara ka ɓoye rabi a hula."

"Kin ga biri ya yi kama da mutum. Wannan lallen fa da kika sha har gwiwar hannu?"

"An ce za su shafa mini tawada su gwada yatsana da wanda aka dangwala. In miƙa wa komandan hannu kamar bayan kada?"

"Shi ma kin sa masa ido ke nan. Mu uku muka zama."

Kande ba ta yi dariya ba. Ta leƙa zaure, ta dawo, ta ɗaga ƙunshin ta ajiye.

"Mene ne a ciki?" ya tambaya.

"Zane da dabino. In sun sa ni kaso."

Tanimu ya dube ta, ya rage murya. "Iya, ba wanda zai sa ki kaso. A rajistar lanho ke kaɗai ce a gidan nan, sun gani. So suke ki faɗa da bakinki cewa ko tiya ba ki karɓa ba."

"Sai su ce wa ya rubuta sunana. Barmo mai tsaron magaza ne, ma'ajin hatsin, ɗan Rakiya ƙawata. A bayana ya yi barci yana jariri. In na buɗe baki sun tafi da shi."

"Shi da ya yi miki miji da ƴaƴa, ya tuna da bayanki?"

Ta murza bakin zane. Can ta ce, "Jaririn Biba maƙwabciyata a lokacin ya rasu, nono ya ƙafe don yunwa. Ashe ana loda hatsi a kamiyo, babbar mota, da sunana." Ta ja mayafi. "Tashi mu je. In an tambaye ni zan faɗa. Rakiya ta yi haƙuri."

A zaure ta tsaya. "Amma kai a waje za ka jira. Kada su ga fuskarka su ce lallai ina da dalilin neman wani mijin."

"Ni ne shaida. Zan ce tun tasowata ban ga mai hankalin da ya yi sallama a ƙofarki ba."

"Sai kai."

"Sai ni, mai ƙaramin rabo."

Dariya ta ƙwace mata, har ta dafa bango. Ta kwance ƙunshin, ta juye masa dabinon a aljihu, ta jefa zanen cikin ɗaki.

"Ka ci, ka yi nasara yau. Kawo hannunka in riƙe. Kada ka ɗauka so ne."