Ƙwan Toro

Daga Nasarawa Burkullu har ka dangana da Gummi, babu mahaluƙin da ya kai ni sanin agwagwa. Haka na riƙa faɗa a majalisa shekarar da na ƙudurta fitar da irin da sai ƙato ya sa hannu biyu zai ɗaga, yana nishi.

Agwagina suka ƙyanƙyashe 'ya'ya talatin, na sa musu ido. Duk wadda na ga ta tsaya ƙarama sai in ce ba ta da asali, in miƙa ta tukunya. Iyayen ma ban bar su ba. Kafin kaka saura tara, zabga-zabga, in suna tafiya ƙasa har girgiza take. Na yi wa mutum bakwai alkawarin ƙwan iri.

Wata huɗu ina leƙa akurki safe da yamma, ko ɓawo babu. Na ƙara dusa, na ƙara gero, har rubutu na karɓo na zuba musu a ruwa.

Ran nan Inna ta zo daga Adabka. Ta ƙare musu kallo, ta riƙe haɓa.

"Ina matansu?"

"Waɗanne mata, Inna?"

"Innalillahi! Waɗanga duk maza na! Ba ka san macen agwagwa ba ta kai toro girma ba?"

Sai ga ni zaune daɓas a ƙasa. Ashe matan nake ta cinyewa da tuwon dawa, har ina neman ƙari!

Har yau in na doso majalisa, Malam Sani mai shayi sai ya ɗaga murya: "Ku matsa ma gwani! Alhaji, toron ya sauka, ko har yanzu naƙuda yakai?"