Hassan Na Cikin Salansa Ya Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata masu cike da baƙin mai, Malam Ilu na Dutsin-Ma yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka zo kallo suka tafi suna dariya, rasuwar Hassan, wanda ya cika ranar Asabar da hantsi a ƙarƙashin mota, a ƙofar gida, a hannun masu ƙaunarsa.

Mutane da yawa za su ce ba su san mamacin ba. Ba laifinsu ba ne, domin bai taɓa fitowa gaisuwa ba. Ɗan ƙarfe ne wanda bai fi ɗan yatsa tsawo ba, kamanninsa kamar fulogi, yana da wutsiya ta waya. Makanikai suna ce masa sensa. Aikinsa ɗaya ne tun da aka ƙera shi: ya cusa hancinsa cikin salansar tsohuwar jif ɗin Malam Ilu, ya shaƙi hayaƙin da inji ya fitar, sannan ya aika wa ƙwaƙwalwar mota da labari, ko cin mai ya yi yawa a rage, ko ya yi kaɗan a ƙara. Su biyu ne a wannan aiki. Ɗaya yana gaba, dab da inji, inda zafi yake kamar bakin murhu. Ɗayan yana baya, inda hayaƙi ya riga ya huce. Ranar da Malam Ilu ya fara ganinsu, ya ga kamarsu ɗaya, bai yi wata-wata ba ya raɗa wa na gaba Hassan, na baya Usaini, ya kuma raba wa yaran unguwa dabino.

An haifi marigayin a ƙasar Japan. Ya ƙetare teku yana ƙarami, ya sha iskar Kwatano, ya shigo ƙasar nan ta hanyar da ba a cika tambaya ba. Daga nan sai hidima. Ya shaƙi hayaƙin tumatir da albasa daga fadamun Zobe. Ya shaƙi na buhunan gero zuwa kasuwar Kurfi, da na raguna, da na 'yan rakiyar amarya su goma sha wani abu a mazaunin mutum bakwai. An ɗura wa motar man galan na bakin titi, wanda rabinsa kananzir ne, rabin kuma sai wanda ya haɗa ya sani, shi kuwa ya shaƙa bai yi ko atishawa ba. Malam Ilu ya haura shekara saba'in a duniya, ya ga magatakarda, ya ga ma'aji, ya ga 'yan kwamitin rabon taki. Bai taɓa ganin wanda aka sa shi gadin ci, ya yi gadin, bai ci ba, sai Hassan.

Ba shi da yawan magana. In an dawo daga tafiya an kashe mota, Malam Ilu yakan shimfiɗa tabarma a gefenta, ya kara kunne, ya ji ƙarfe yana hucewa: ƙis, ƙis, ƙis. Makanikai sun ce salansa ce ke sanyi. Shi dai ya ɗauka Hassan ne ke miƙe ƙashin baya. A irin wannan lokaci yakan tambayi kansa ko abin nan yana gane hanyar Kurfi da ƙanshinta, ko yana mafarkin ƙanƙarar ƙasarsu, ko kuwa halittar da ke zaune cikin hayaƙi tun ƙuruciya tana zaton duk duniya haka take. Hajiya Mas'uda, uwargidansa, takan leƙo ta ce, "Malam, tuwo ya huce. Ko shi ma sai ka saurari abin da zai ce?"

Dole a faɗi gaskiya a nan, tunda sanarwar mutuwa ba wurin ƙarya ba ce. Hassan bai yi jinya ba. Ko ciwon kai bai yi ba.

Ga yadda abin ya faru. Tun da fetur ya yi tsada, motar kowa a garin nan ta zama mai haɗama, har waɗanda a da ake yabon tattalinsu. Jif ɗin Malam Ilu ba ta ƙara ci ba, mudun ne ya canza, amma wa zai gaya wa mai biya? Mai biyan kuwa shi ne Zaharaddin, babban ɗan gidan, mai sayar da hatsi. Ya daɗe yana cewa a sayar da ita ga Alhaji Badamasi, wanda sana'arsa yanka motoci, ya feɗe su kamar mahauci, ya sayar da ƙofa dabam, gilashi dabam, hanji dabam. Malam Ilu kuwa ya san abin da ke biye da wannan ciniki. Tsoho mai mota mutum ne, ana zuwa neman alfarma wurinsa. Tsoho mara mota kaya ne, ana ɗora shi bayan babur a ce ya riƙe da kyau, a kai shi inda aka ga dama, a ɗauko shi in an tuna.

Ana cikin wannan ja-in-ja sai 'yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba, ta ƙi mutuwa. Zaharaddin ya kawo Naziru, makanike mai duba mota da kwamfuta. Naziru ya soka wayarsa, ya daddanna, ya ce, "Baba, na baya ne ya lalace. Na gaba lafiyarsa ƙalau, kada a taɓa shi."

Zaharaddin ya sayo sabo guda ɗaya a cikin ɗan kwali, ya ajiye gaban mahaifinsa. "Baba, ga shi. Wannan shi ne na ƙarshe. In aka sa ba ta gyaru ba, wallahi Alhaji Badamasi zai zo da igiyar ja. Ni hatsi nake sayarwa, ba rijiyar fetur gare ni ba. A kira Naziru ya sa."

Malam Ilu ya ce ba za a kira kowa ba. Mota iyali ce, ba a miƙa ta ga ƙato ya shige ƙarƙashinta maigida na tsaye. Hajiya Mas'uda ta ce, "Kai da ko ƙwan lantarki sai an riƙe maka kujera ana salati?" Ya tafi neman aron sifana, domin mai babban aiki a gaba ba ya biye wa 'yan kallo.

Kada wani ya ce bai ji abin da Naziru ya faɗa ba. Ya ji sarai. Amma kwamfuta ba ta san tarbiyya ba. Ya juya abin a ransa, ya ga babu yadda za a yi baƙo ya zo yau, ɗanye sharaf daga kwali, a ba shi wurin sanyi a baya, alhali dattijo yana can bakin wuta tun kafin a haifi wanda ya ƙera baƙon. A gonarsu ba a yin haka, a masallaci ba a yin haka. Tsarin da ya dace shi ne yaro ya karɓi wurin zafi, a mayar da Hassan baya ya huta a inuwa, a sallami Usaini ya je jinya. Kowa ya samu haƙƙinsa. Saboda haka aka fara da babba.

Aka hau da ƙafafun motar na gaba kan tudun ƙofar gida, aka tokare na baya da duwatsu. Malam Ilu ya tuɓe babbar riga, ya shiga da rigingine da sifanar aro. Ya murɗa, Hassan ya ƙi. Tsatsar ruwan Zobe ta shekara da shekaru ta ɗaura shi da kujerarsa, kuma a wannan hali kaɗai marigayin ya yi kama da manyan ƙasar nan. Aka zuba masa man gyaɗa, ya sha. Aka zuba kananzir, ya sha. Wani maƙwabci ya ce lemon kwalba na cin tsatsa, aka sayo, aka zuba masa rabi, maƙwabcin ya shanye rabi. Da rana ta yi sama aka aika Maƙera a kira Labaran maƙeri, abokin Malam Ilu tun na ƙuruciya, wanda bai taɓa ganin ƙarfen da ya fi ƙarfin wuta ba.

Labaran ya leƙa ya ce, "Ilu, wannan ɗan abin ne ya kayar da kai? Matsa."

Ya hura gawayi a kasko, ya tura shi ƙarƙashin motar da ke ɗauke da fetur. Nan take 'yan kallo suka tuna suna da uzuri a ƙarshen layi, Hajiya Mas'uda ta kwashe kajinta. Da wurin ya yi ja, Labaran ya zura dogon bututun ƙarfe a hannun sifana, ya dafa, Malam Ilu ya dafa, suka yi bisimilla, suka danna da nauyin shekara ɗari da arba'in.

Ƙas!

Wannan ita ce kalmar ƙarshe ta marigayin, kuma ita ce mafi ƙarfi da ya taɓa furtawa. Kansa da wutsiyarsa suka fito a hannun Malam Ilu. Gindinsa ya zauna cikin salansa, yana nan har yau, ya toshe gurbin, ba ya fita, ba ya barin wani ya shiga. Labaran ya duba ya ce, "To, ai ya fito," ya karkaɗe gwiwa, ya tambaya ko da sauran fura.

Malam Ilu yana kwance da gawar a ƙirji, bai gama gane abin da ya same shi ba, sai kunama ta harbe shi a kafaɗa. Masu boko sun ce zafin gawayi ne ya koro ta daga cikin duwatsu. Su ji da iliminsu. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da tagwaye ke turo wa wanda ya taɓa ɗan uwansu, kuma Usaini yana nan yana kallon komai daga baya. Malam Ilu ya karɓi saƙon, ba ya riƙe da kowa.

Da aka tayar da motar don a gwada, ta yi gur-gur-gur, ta yi fat, ta saki hayaƙi baƙi wanda ya sa mai ƙosai ta canza wurin zama. Babu mai gaya mata ta rage, saboda haka tana ci kamar an ba ta riƙon ƙwarya.

Marigayin ya rasu ya bar ɗan uwansa Usaini, wanda har yanzu yana kwance ba a duba shi ba. Ya bar baƙon nan na cikin kwali, wanda daga baya aka gano bakin wayarsa ma ba zai shiga na gaba ba ko da an samu wuri. Ya bar fulogi shida, marayu. Ya bar 'yar fitila mai ruwan ɗorawa, wadda tun ran nan ba ta runtsa ba. Sannan ya bar ita jif ɗin. Malam Ilu ya daɗe yana tunanin matsayinta a wurin marigayin. Wanda ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana shaƙar numfashinki dare da rana, mai daɗi da mara daɗi, bai taɓa kau da kai ba, in wannan ba miji ba ne, to Malam Ilu bai san aure ba. Da ya faɗi haka, Hajiya Mas'uda ta ce, "A nan kam ka yi gaskiya, ba ka sani ba."

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a yi masa salla ba. An tuntuɓi liman, ya ce, "Malam Ilu, ka ji tsoron Allah," kuma an ji. Za a wanke shi da fetur cokali ɗaya saboda halin da ake ciki, a naɗe shi da tsumma mai tsabta, a binne rabin da ya samu a gindin darbejiyar ƙofar gida gobe bayan la'asar. Labaran ne zai haƙa, tunda ya nuna yana da hannu. Za a yi zaman makoki a cikin motar kanta, maza a gaba, dattawa a tsakiya, masu kuka da ƙarfi a but. An sauke gilasai. Mai kawo abinci ya kawo, mai kawo shawara ya bar ta a gida, an sha ta ranar Asabar.

Abu na ƙarshe ya shafi Alhaji Badamasi, wanda aka ga yaransa jiya suna zagaya motar suna ƙwanƙwasa ƙofofi kamar masu taya sa a kasuwar shanu. Ana sanar da shi, da duk wanda ya aiko shi, cewa matar mamaci ta shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma ba ta fita, ba a yi mata kwalliya, ba a tayawa, ba a sallamawa. Makulli yana ɗaure a mazagin wandon Malam Ilu.

Zaharaddin ya ce, "Baba, wannan fa ba addini ba ne."

"Ban ce addini ba ne. Na ce kunya ce. In kana da fuskar da za ka ɗaura wa mai takaba igiya, da mahaifinka a ciki, da dattawan unguwa a ciki, ka ja ta ta gaban masallaci, bisimilla."

Zaharaddin ya dubi dattawan, waɗanda tuni suka fara shiga suna gyara zama, ya sosa ƙeya, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya tafi kasuwa.

Ana marhabin da Alhaji Badamasi in gaisuwa ta kawo shi. Zancen ciniki kuwa ya jira takaba ta fita, sannan ya aiko a ji ko gidan babu wani sabon rashi. Jikin Usaini ya yi tsanani ƙwarai, kuma Malam Ilu ya yi niyyar duba shi da kansa.