Ranar da Na Sha Kokon Dizal

Shekara goma na yi ina jan tirela tsakanin Kano da Legas kafin na koma sayayya a Guangzhou. Don haka a sanyin shekarar da aka yi gasar Olamfik a ƙasar, da maigidana Alhaji Sabo ya rasa direban da zai ɗauko mana kaya daga wata masana'anta can cikin duwatsu, sai na bugi ƙirji.

A gidan mai, wata Basiniya ta yi ta nuna mini wani famfo daban tana kwaikwayon rawar sanyi.

Na ce, "Alhaji, rabu da ita. Dizal ai dizal ne."

Washegari da safe, can a masana'antar, mota ta ƙi tashi. Na sa Alhaji turi a kan ƙanƙara, har sau biyu yana shan ƙasa. Sannan na cire tiyo na zuƙa da baki, yadda muke yi a gida. Wani abu mai kauri kamar koko ya cika mini baki. Ashe man ne ya daskare! Famfon da matar ta nuna mini na dizal ɗin da ba ya daskarewa ne. Leburorin wurin suka dinga ƙyaƙyata dariya.

Har yau in muka shiga gidan abinci a titin Huanshi Lu, sai Alhaji ya ɗaga murya ya kira mai wurin da yarensu: "Lawban, a kawo wa direba koko. Mai sanyi yake sha."