Rasuwar Tsohuwa, Motar Malam Turdubek

Da zuciya cike da baƙin ciki, har da wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, Malam Turdubek na garin Karakol, tsohon malamin makaranta, yana sanar da 'yan uwa da abokan tafiya rasuwar motarsa da aka fi sani da Tsohuwa. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan hawan da ke kaiwa tafkin Son-Kul, tana da shekara arba'in da ɗaya.

Marigayiyar dai gida ce mai taya huɗu. Akwai gado a cikinta, da murhu, da ɗan teburin shan shayi. Shekara goma sha tara tana ɗaukar Malam da matarsa Gulsara daga farkon bazara har sanyi ya kore su gida, kuma ba ta taɓa kwana da su a hanya ba da son ranta ba. Ba ta da sauri, ba ta kuma taɓa cewa tana da shi ba. Da safe sai ta yi tari uku, kuf, kuf, kuf, sannan ta kama. A kan hawa tana nishi kamar mai niƙa. Abin da take nema kaɗan ne: a duba ruwan lagireto kafin a tashe ta, a canza baƙin mai a kan lokaci, a bar ta ta huta a tsakiyar kowane hawa. Malam bai taɓa hana ta ko ɗaya ba. Fambel biyu yake ajiyewa ƙarƙashin kujera, a naɗe cikin tsohuwar rigarsa.

Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Malam yana so a rubuta wannan a fili.

A bana likita ya gaya wa Gulsara cewa abin da ya rage na ganinta ba zai kai baɗi ba. Ta ce abu ɗaya take so, ta ga makiyayar da aka haife ta a bakin tafkin tun idon yana iya rarrabe doki da dutse. Malam kuwa an yi masa aiki a kafaɗa, an hana shi tuƙi. Sai surukinsa Nurlan, mijin 'yarsa, mai sayar da wayoyi a Bishkek, ya miƙo hannu.

"Baba, kawo makullin. Ni da nake tuƙa motar da ke magana, wannan gwangwanin ne zai gagare ni?"

Malam ya rubuta masa dokokin Tsohuwa a takarda. Nurlan ya karɓa da hannu biyu, ya goge tabaransa da ita.

A kan hawan, Malam yana baya kusa da matarsa, maganin kafaɗa ya sa shi gyangyaɗi. Jar fitila ta kama a gaban direba. Nurlan ya dube ta, ya ga tana damun idonsa, ya liƙe ta da cingam. Gulsara ce ta fara jin warin.

"Ɗana, tsaya mana. Tana ƙonewa."

"Mama, haka tsofaffin motoci suke wari. Saura kaɗan."

Da tururi ya turnuƙe, ya tsaya, ya buɗe ta, ya ɗebo ruwan ƙanƙara daga rafi ya sheƙa wa injin da ke tafasa. Maganar marigayiyar ta ƙarshe ita ce ƙas, sau ɗaya, kamar an fasa gyaɗa. Malam ya farka a kan wannan ƙarar, kuma bai tambayi kowa ma'anarta ba.

Saura kilomita tara su isa. Sai can da yamma wani makiyayi ya ɗora Gulsara a dokinsa ya kai ta. Sun iso rana ta yi ƙasa, hazo ya rufe ruwan. Ta ce ta ji ƙamshin ciyawa, ya ishe ta. Malam ya san ta shekara arba'in, ya san lokacin da take faɗin abu don kada wani ya ji kunya.

Marigayiyar ta bar mai ita, da Gulsara, da butar shayi mai lotsattsen gefe, da fambel biyu da ba a taɓa ɗaurawa ba. Ta bar bakanike Esenbai, wanda ya leƙa cikinta ya cire hula. Ta kuma bar Nurlan, wanda har yanzu yake gaya wa mutane cewa dama kwananta ya ƙare.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan azahar. Taraktan maƙwabci zai jawo gawar zuwa lambun tuffa da ke bayan gida, inda za a cire tayoyinta a ɗora ta a kan duwatsu, ƙofarta tana kallon tsauni, don Gulsara ta riƙa shan shayi a ciki. Akwai nama da shayi. Ana roƙon masu ta'aziyya su bar shawararsu a gida. Nurlan ne zai riƙe sitiyari yayin jan gawar, domin Malam ya duba da kyau, babu sauran abin da zai iya lalatawa.