Dusar Hajjo da Tarwadar Tabkin Falanko

"Gida lafiya, awaki lafiya, gajiya ta bi jiki. Ni kaɗai ce ba lafiya, tun da na yi ido biyu da kai," in ji Hajjo, ba ta ko ɗago kai daga geron da take bakacewa ba.

Abdulhafiz jikanta ne. Kowace shekara da an gama girbi yake bin motocin Agadas ya wuce Libiya neman aiki, ita kuma ta zauna a Falanko cikin zullumi har ya dawo. Bana bai tafi ba tukuna. Da damina ma'aikatan gandun daji sun zuba ƴaƴan tarwada a tabkin bayan gari, samari suka ɗora masa kula da su. Ya gaya wa ubansa in kifin ya kai na sayarwa kafin ruwa ya janye zai zauna, in bai kai ba zai bi hanya. Hajjo ta ji maganar ta bayan zana, ta yi kamar ba ta ji ba.

"Haba amaryata, ko tayin tabarma babu?"

"Wace amarya? Mazan kirki da tsire suke shigowa, kai ka shigo min da ƙarni da buhu wayam."

"Ai ke za ki cika shi. Dusa na zo nema."

"Dusar tunkiyata? Yaushe ka fara cin dusa? Ko da yake na lura kwana biyu muryarka ta koma ta rago."

"Kifi zan ba."

Hajjo ta ajiye faifai. "Kifi! Abin da ba ya noma, ba ya kiwo, yana kwance cikin ruwa, shi za a kai wa abinci har ɗaka? Lallai ya ɗauko halin mai shi."

"Halinki dai ya ɗauko. Ranar da aka kawo su ba su kai ɗan yatsanki ba. Ba ƙarfi, ba haƙori, sai tsutsar sauro da ƴan ƙwarin ruwa da ido ba ya gani suke tsotsa. Na dube su na ce, ga Hajjo da kununta."

"Haƙorana huɗu sun fi naka aiki. Ran sunan gidan Dado wa ya gama da ƙashin rago?"

"Tsotsa kika yi, ina kallo. Kare ma da ya ɗauka sai da ya yi miki godiya."

"Ɗan nema! To su ci gaba da cin sauron, Allah ya yi musu albarka, mu ma mu samu barci."

"Sun wuce nan. Da suka kai tsawon tafin hannu damina ta yi tsakiya, ga shinge, garar nan mai fiffike, na faɗowa ruwa bayan kowane hadari, ga tana, ga talibambam. Ci suke kamar ke a gidan biki."

"Ni a gayyace nake zuwa. Kai ne ake ɓoye tukunya in an hango ka."

"Yanzu kuwa ruwan sama ya ɗauke, ƙwari sun ragu. Fara nake kama musu a gona, ba ta isa. Manyan cikinsu kuma har sun yi gashin baki."

"Sun riga ka ke nan. Kai da gemu ya leƙo ya ga fuskar ya koma."

Abdulhafiz ya yi dariya, ya tsuguna kusa da ita, muryarsa ta ɗan sauka. "Wallahi Hajjo, babbar tarwada in yunwa ta kama ta, ta gama da kwaɗi sai ta juya kan ƙannenta ta haɗiye. Kullum ƙananan raguwa suke. Ga sanyi na tafe. In ya shigo duk sai su lafe a ƙasan ruwa su rage ci, kamar ke cikin bargo. In ba su yi ƙiba yanzu ba, kafin zafi ya dawo su buɗe baki tabki ya kusa ƙafewa."

Hajjo ta sake ɗaukar faifai. Ta tuna shekarar da ya yi wata da watanni ba labari, har ta daina zuwa bakin rijiya don kada a tambaye ta.

"Na ji abokinka Nasiru zai hau mota ran kasuwar Tanout," ta ce, tana duban gero.

"Ya ce in zo mu tafi. Na ce ya dakata in ji ta bakin amaryata."

"Ƙarya kake, ta bakin kifi kake jira."

"Ai ku biyun duk ba a jin maganarku sai an ba ku abinci."

Ya miƙe ya leƙa bayan zana, ya dawo da bokiti rufe da ɗanyar ciyawa. Da ya yaye, wata tarwada mai tsawon kamu ta buga wutsiya, ruwa ya fantsama wa Hajjo a zane.

"La'ilaha! A tabkinmu wannan ta girma? Tabkin da jakuna ke birgima a cikinsa da rani?"

"Ita ce ke cinye ƙannenta. Na ce a kawo ta gaban alƙali mai haƙori huɗu."

Hajjo ta ɗaga bokitin ta ji nauyinsa. Ta ga lallai in an ciyar da su za su kai na sayarwa, sai ta ɗaure fuska don kada ya ga murnarta.

"An yanke mata hukunci: tukunya, da yaji da daddawa. Kai kuma ba ka da rabo, ko romo."

"Dusar fa?"

Dariyar da take dannewa ta kuɓuce mata. "Shiga ɗaki ka kwashe, ja'iri, tunkiya ta ci harawa. Gobe kuma ka zo da sassafe in nuna maka yadda ake kifa tukunya a kan suri a tara gara. Sai na yi wa kifin nan naka kiwon da ko jaki ba zai ɗauke su ba."